Yadda Ake Cin Moriyar Ajin Horar da Karnuka, Tun Daga Zaɓen Malami Har Aikin Gida

Masu kai karensu ajin horo kusan duk ƙorafinsu iri ɗaya ne: yana fizgar igiya har kafaɗar mutum ta yi tsami, yana daka wa baƙi tsalle, ana kiransa yana kunnen ƙashi, ya tauna takalma ya yaga labule, ko haushinsa ya hana makwabta runtsawa. Da yawa suna zuwa ne da tunanin za su miƙa wa malami igiya, su koma gefe su zauna, a dawo musu da kare mai ladabi. Lissafi kaɗai ya isa ya rushe wannan tunani. Yawancin irin waɗannan azuzuwa awa ɗaya ne a mako, ana yin su makonni shida zuwa takwas, mako kuwa awa 168 ne. Sauran awa 167 ɗin karen yana hannunka, kuma yana koyon wani abu a cikinsu, ko ka sani ko ba ka sani ba. Don haka ɗalibin ajin na gaskiya kai ne. Za a koya maka yadda ake yi wa kare magana ya fahimta, ka koma gida ka yi ta yi.

Mataki na farko: a fara da likitan dabbobi

Kafin ka rubuta sunan karenka a ko'ina, kai shi a duba shi. Dalili biyu ne. Na farko, aji wuri ne da karnuka ke cuɗanya, kuma cutar da likitoci ke kira parvo, mai sa amai da gudawar jini, tana kashe 'yan kwikwiyo da sauri, ƙwayarta kuma tana daɗewa a ƙasa watanni. Duk ajin da bai tambaye ka katin rigakafi ba, kada ka shiga, domin bai tambayi sauran ba ke nan. A tabbatar an yi allurar ciwon haukan kare idan shekarunsa sun kai, wadda galibi ake farawa daga wajen mako 12, a ba shi maganin tsutsar ciki, a raba shi da kaska da ƙuma.

Dalili na biyu mutane ba su cika lura da shi ba. Ciwo yana canza halin kare. Karen da a da ake shafa kansa lafiya lau, yanzu kuma yake gurnani in an taɓa kunnensa, mai yiwuwa kunnen ne ke ciwo. Wanda ya ƙi zama in an ce ya zauna, wataƙila ƙugunsa ne. Wanda ya koma fitsari a ɗaki bayan ya daina, a duba mafitsararsa. Babu horon da zai gyara abin da magani ne kawai ke gyara shi.

Game da shekarun farawa, kada ka jira ya girma. Binciken da John Paul Scott da John Fuller suka shafe shekaru suna yi a Amurka, wanda suka fitar a 1965, ya nuna cewa akwai wani ɗan lokaci, daga wajen mako 3 zuwa mako 12 na rayuwar kwikwiyo, da zuciyarsa ke buɗe ga sababbin mutane, sauti da wurare. Abin da ya saba da shi cikin daɗi a lokacin, da wuya ya ji tsoronsa daga baya. Shi ya sa ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka, AVSAB, ta ce kwikwiyo zai iya fara aji tun yana mako 7 zuwa 8, muddin an yi masa zagayen farko na rigakafi aƙalla kwana 7 kafin ranar farko, an kuma ba shi maganin tsutsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma wanda karensa ya riga ya manyanta kada ya karaya. Tsohon kare yana koyo sarai, sai dai tsohuwar ɗabi'a takan ɗauki lokaci kafin sabuwa ta danne ta.

Mataki na biyu: zaɓen aji da malami

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci, domin a ƙasashe da yawa babu dokar da ta hana kowa ya wayi gari ya kira kansa mai horar da karnuka. Takarda a bango tana da amfaninta, amma idonka ya fi ta.

Nemi izinin zuwa kallon darasi ɗaya ba tare da karenka ba. Malamin kirki ba zai ƙi ba. In ka je, rage kallon malamin, ka kalli karnukan. Jikinsu a sake yake, suna kaɗa wutsiya, suna ɗokin aiki? Ko kuwa sun maƙale wutsiya tsakanin ƙafafu, kunnuwa a kwance, suna ta raɓewa? Ƙirga su. Idan malami ɗaya ne da karnuka fiye da shida zuwa takwas ba mataimaki, ba za a samu damar duba kowa ba. Duba ko akwai fili isasshe tsakanin kare da kare, ko akwai inuwa da ruwa, ko an raba 'yan kwikwiyo da manya. Saurari yadda yake yi wa masu karnukan magana kuma. Wanda ke kunyata mutum a gaban jama'a don karensa ya kasa, zai sa mutumin ya daina zuwa, karen ne kuma zai yi asara.

Sannan ka yi masa tambaya uku kai tsaye. Me zai samu karena idan ya yi daidai? Me zai same shi idan ya yi kuskure? Da wane irin kaya kake aiki? Amsar da kake nema ita ce: in ya yi daidai ana ba shi lada, in ya kuskure ba ya samun ladan, sai a sauƙaƙa masa darasin a sake gwadawa. In ka ji ana zancen abin wuya mai shaƙewa, ko mai ƙusoshi, ko mai jan lantarki, ko a kayar da kare a danne shi ƙasa don ya san waye babba, yi sallama ka tafi.

Wannan zancen "nuna masa waye babba" yana da tarihi, kuma sanin tarihin zai kare ka daga masu daɗin baki. Tushensa wani bincike ne da Rudolf Schenkel ya fitar a 1947 a kan kyarketai da aka tsare a gidan namun daji na birnin Basel. Dabbobi ne da ba dangin juna ba, aka haɗa su a matsattsen wuri, suka yi ta faɗa, sai aka ɗauka haka rayuwarsu take: mai ƙarfi ya hau sama, sauran su bi. Daga nan aka ɗora wa karnuka wannan fahimta. Amma David Mech, masanin da shi kansa ya taimaka wajen yaɗa ta, ya bi kyarketai a daji shekara da shekaru, a 1999 kuma ya rubuta cewa garkensu iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. Karen da ke riga ka fita ƙofa ba mulki yake nema ba, waje yake so, kuma ba a taɓa koya masa jira ba.

Duka da tsawa suna iya tsayar da kare nan take, wannan gaskiya ne, shi ya sa suke ruɗar mutane. Abin da suke bari a baya shi ne matsalar: tsoro, rashin yarda da hannun mai shi, wani lokaci har cizo. A 2021 ƙungiyar AVSAB ta fito fili ta ce a yi amfani da hanyar lada kaɗai wajen horar da kowane kare. Yankin Wales na Birtaniya kuwa tun 2010 ya haramta abin wuya mai jan lantarki. Ni a ganina, ko da babu waɗannan hujjoji, dabbar da ta dogara da kai ga ci da sha da kwana ba ta cancanci ka koyar da ita da azaba ba, alhali ga hanyar da ke aiki ba tare da ita ba.

Mataki na uku: kayan tafiya

Ba su da yawa. Igiya mai tsawon wajen mita biyu, ba irin mai naɗe kanta ba, domin ita kullum a ɗame take, tana koya wa kare cewa ja ne ke kai shi gaba. Abin wuya mai faɗi wanda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuyan, ko ɗamarar ƙirji ga mai yawan fizga. 'Yar shimfiɗa da zai kwanta a kai, ruwa da kwanonsa, da leda ta kwashe kashi.

Sai lada. Yanka dafaffen nama maras ƙashi ƙanana ƙanana, kowane bai wuce kan ɗan yatsanka ba, mai laushi da zai haɗiye nan take ba sai ya tsaya tauna ba. Tanadi da yawa, domin a darasi ɗaya za ka iya ba da gutsure hamsin ko fiye. Rage masa abincin ranar gwargwadon haka, kada ƙiba ta biyo baya. Ka nisanta shi da cakulan, inabi, zabibi, albasa da duk abin da ke da sinadarin zailitol, irin wanda ake sawa a wasu cingam; guba ne gare shi. Kada ya zo a ƙoshe, kada kuma ya zo da yunwar da za ta hana shi natsuwa.

Mataki na huɗu: ranar farko

Ka isa da wuri, ka bar shi ya zaga ya shinshina wurin, ya yi fitsari. Kada ka bar shi ya ruga wurin sauran karnuka hanci da hanci alhali kowa na kan igiya. A nan faɗa ya fi tashi, domin igiya ta hana su kaucewa juna. Nemi gefe, shimfiɗa masa abin kwanciyarsa, duk lokacin da ya waiwayo ya dube ka, ba shi gutsure.

Kada ka sa ran zai yi abin kirki a ranar. Aikinka shi ne karanta jikinsa. Kare yakan yi hamma ba don barci ba, ya lashi leɓe ba abinci a gabansa, ya kawar da kai har farin idonsa ya fito, ya yi ta haki alhali ba zafi, ko ya ƙi karɓar naman da a gida zai yi rawa a kansa. Duk waɗannan suna cewa abin ya yi masa yawa. Maganinsu tazara ce. Ja da baya taku biyar ko goma, ko ka fita da shi minti biyu ya sha iska. Da zarar ya soma karɓar nama kuma, ya dawo inda zai iya koyo.

Mataki na biyar: alama da lada

Duk abin da za a koya muku a makonnin nan a kan wannan ya ginu, don haka a tsaya a fahimce shi.

Kare yana maimaita abin da ya jawo masa alheri, ya watsar da wanda bai jawo masa komai ba. Masanin halayya B. F. Skinner ne ya yi fice wajen nazarin wannan ƙa'ida, ɗalibansa biyu kuma, Keller da Marian Breland, suka fitar da ita daga ɗakin bincike a shekarun 1940 suka horar da dabbobi iri-iri da ita. Wahalar ita ce lokaci. Kare yana haɗa lada ne da abin da yake yi a daidai sakan ɗin da ladan ya zo. In ya zauna, ka tsaya laluben aljihu, ya miƙe, sannan ka ba shi, to miƙewa ka biya.

Shi ya sa ake amfani da alama: gajeren sauti guda da ke gaya masa "wannan da ka yi yanzun nan, shi ne". Wasu malamai za su ba ka ɗan abin dannawa mai ƙara ƙas, wanda wata mai horar da dabbobi mai suna Karen Pryor ta shahara wajen yaɗa amfani da shi. Kalma ma ta isa. "Yauwa" ta dace ƙwarai, gajeriya ce kuma bakinka ya saba da ita. Da farko sautin ba ya nufin komai a wurinsa, sai ka ba shi ma'ana, kamar yadda karnukan Ivan Pavlov na Rasha suka koyi zubar da yawu da jin alamar da ke riga abinci zuwa. A wuri shiru, ka ce "yauwa", ka ba da gutsure. Dakata kaɗan. "Yauwa", gutsure. Yi haka sau goma sha biyar zuwa ashirin. Ka kula da jerin: kalma tukuna, sannan hannu ya motsa. In hannunka ya riga bakinka, hannun zai riƙa kallo. Za ka gane ya kama ranar da ka faɗe ta yana kallon wani wuri, ya juyo da sauri kunnuwa a tsaye. Daga ranar, alamar alkawari ce. Duk lokacin da ka faɗe ta sai ka biya, ko da bisa kuskure ta fito.

Mataki na shida: zauna, kwanta, tsaya

Riƙe gutsuren nama tsakanin babban yatsa da manuni, ka kai shi dab da hancinsa har ya ji ƙanshin. A hankali ɗaga hannun sama da baya, ta saman goshinsa, kamar za ka kai tsakanin kunnuwansa. Hancin zai bi naman, kai ya ɗaga, ƙafafun baya su lanƙwashe da kansu. Sa ido a ƙugunsa. Yana taɓa ƙasa, ka ce "yauwa", ka sakar masa naman. In ya yi tsalle, hannunka ya yi sama da yawa. In ya ja da baya, hannunka ya yi sauri da yawa; rage saurin, ko ka gwada a kusurwar ɗaki. Kada ka danna bayansa.

Lura cewa har yanzu ba ka ce "zauna" ba. Ana sa kalma ne bayan motsin ya zauna a jikinsa. Bayan ya yi sau biyar ko shida da nama a hannu, yi irin motsin da hannu wayam, ka biya shi daga ɗaya hannun. Wannan sauyin kada ya yi jinkiri, in ba haka ba za ka samu karen da ba ya zama sai ya ga nama. Da ya saba da alamar hannu, sai ka riƙa cewa "zauna" sau ɗaya, ka ɗan dakata sakan guda, sannan ka yi alamar. Ba da daɗewa ba zai riga hannunka. Sau ɗaya na ce. Mai cewa "zauna, zauna, zauna, na ce zauna" yana koya wa karensa ne cewa ukun farko ba su da muhimmanci.

Kwanciya haka take, sai dai daga zaune za ka sauke hannun daga hancinsa kai tsaye zuwa ƙasa tsakanin ƙafafunsa na gaba, sannan ka ja shi kaɗan gabanka.

Tsayawa wuri ɗaya kuwa abu uku ne a haɗe: daɗewa, nisa, da abin da ke ɗauke hankali. Ana ƙara su ɗaya bayan ɗaya. Fara da sakan biyu kana tsaye a gabansa, sannan biyar, sannan goma. In ya iya rabin minti, ɗauki taku ɗaya baya, ka dawo ka biya shi a inda yake. Duk lokacin da ka ƙara ɗaya, sauƙaƙa sauran biyun. Ka kuma zaɓi kalmar sallama, kamar "je ka", don ya san lokacin da aikin ya ƙare.

Mataki na bakwai: kira

Wannan shi ne darasin da wata rana zai iya tsayar da karenka a bakin titi kafin mota ta iso, don haka ba a yi masa rowa.

Fara a cikin ɗaki, taku biyu tsakaninku. Kira sunansa, ka ce "zo" da murya mai daɗi, ka ja da baya da sauri, domin abin da ke gudu kare yake bi. Ya iso, ka kama abin wuyansa a hankali da hannu ɗaya, ka ba shi gutsure uku ko huɗu ɗaya bayan ɗaya da ɗaya hannun. Kama wuyan yana da muhimmanci. Akwai karnuka da yawa da suke zuwa su tsaya inda hannu ba ya kaiwa. In ku biyu ne a gida, ku zauna nesa da juna ku riƙa kiransa bi da bi. Daga ɗaki a koma tsakar gida, daga nan a fita fili da doguwar igiya ta mita biyar zuwa goma a ɗaure a ɗamarar ƙirji. Kada a sake shi gaba ɗaya sai kiran ya kafu.

Akwai doka ɗaya da ba a karyawa: karen da ya zo ba a yi masa faɗa, ko da ya sa ka bi shi rabin awa, ko da ya yi ɓarna kafin ya zo. Kai kana hukunta gudun ne, shi kuwa abin da ya gani shi ne ya zo an dake shi, gobe zai ƙara nisa. Haka nan kada ka riƙa kiransa don abin da ba ya so kawai, kamar wanka ko ɗauri. In wanka ne, je ka ɗauko shi. In kuna fili, kira shi, ka biya shi, ka sake shi ya koma wasansa, sau da yawa, don kada ya ɗauka "zo" na nufin daɗi ya ƙare.

Mataki na takwas: igiya, tsalle da "bari"

Kare yana jan igiya ne saboda ja yana kai shi inda yake so, kuma tafiyarsa ta fi tamu sauri. Dokar mai sauƙin faɗi ce: igiya ta ɗame, ka tsaya cak. Ba fizga, ba magana. Ya waiwayo ko ya saki, ka ce "yauwa", ku ci gaba. Yayin da yake gefenka igiya a sake, riƙa ba shi gutsure a daidai gefen ƙafarka kowane taku uku ko huɗu, daga baya ka riƙa tsawaitawa. Kwanakin farko tafiyar minti biyar za ta iya cin minti ashirin, kuma nan ne mutane suka fi sarewa. In yau ka tsaya gobe ka bar shi ya ja ka don kana sauri, ya koyi cewa naci yana biya. Ka kuma bar shi ya shinshina hanya. Da hanci yake sanin duniya, kuma izinin zuwa shinshina wani gindin bishiya lada ne mai ƙarfi.

Tsalle kan mutane neman kulawa ne, kuma turewa da tsawa duk kulawa ce a wurinsa. Ya yi tsalle, juya masa baya, hannuwa a ƙirji. Ƙafafu huɗu sun taɓa ƙasa, sunkuya ka gaishe shi. Dole kowa a gidan ya bi wannan, har baƙi, in ba haka ba mutum ɗaya zai warware aikin mutum biyar.

"Bari" kuma: dunƙule nama a hannu, ka miƙa masa. Zai lasa, ya tona, ya ƙwaƙula. Yi shiru. Da ya janye hancinsa, "yauwa", ka biya shi daga ɗaya hannun da abin da ya fi na cikin dunƙulen daɗi.

Mataki na tara: aikin gida

Minti uku zuwa biyar, sau biyu ko uku a rana, ya fi awa guda a ranar hutu. Ka tsaya tun yana marmari. In ya kasa sau biyu a jere, ba taurin kai ba ne, matakin ne ya yi masa tsawo. Koma baya ɗaya.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne karen da ke zama tsaf a aji ya fita waje ya yi kamar bai taɓa jin kalmar ba. Kare yana haɗa darasi da wurin da ya koye shi, har da inda kake tsaye da abin da ke hannunka. Sai ka sake koya masa a ɗaki, a bakin ƙofa, a titi, kana zaune, kana tsaye, da rana, da dare. A kowane sabon wuri fara daga sauƙi, za ka ga yana kamawa da sauri fiye da na baya.

Ladan abinci kuma ba har abada za a riƙa ba da shi kowane lokaci ba. Idan abu ya kafu, sai a rage, a riƙa biya jefi-jefi, a sa ladan rayuwa a madadinsa: ya zauna kafin a ajiye kwano, ya zauna kafin a buɗe ƙofa, ya dube ka kafin a jefa ƙwallo. Kira ne kawai nake ba da shawarar a ci gaba da biyansa da kyau muddin karen na raye. Ku rubuta kalmomin da kuka zaɓa ku manna a bango don kowa ya yi amfani da iri ɗaya. Abin da ya gagare ka a mako, ɗauki bidiyonsa a waya ka nuna wa malami; sau da yawa cikin sakan goma zai ga inda hannunka ke makara.

Tsakanin wata 6 zuwa 18, lokacin balaga, karnuka da yawa sukan yi kamar sun manta komai. Ba su manta ba. Mayar da doguwar igiya, ƙara lada, ci gaba. Yana wucewa.

Lokacin da ajin taro bai dace ba

Karen da ya taɓa cizon mutum, ko wanda ke haukacewa da haushi da zabura da ya hango wani kare, ko wanda tsoro ke sa shi rawar jiki, cusa shi cikin taro ƙara masa ciwo ne. Darasin da za a yi masa shi kaɗai yake buƙata, tare da ƙwararre a halayyar dabbobi da likita. A koya masa sa takunkumi irin mai raga, wanda zai iya haki da shan ruwa a cikinsa, a hankali da lada har ya riƙa cusa bakinsa da kansa. Kuma kada a taɓa hukunta gurnani. Gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi zai iya cizo ba sanarwa. In ya yi gurnani, a dakata, a ba shi fili, a nemo abin da ya tsorata shi. Ƙananan yara kuwa ba a barinsu su kaɗai da kare, komai horonsa.

Bayan an gama makonnin

Yana da kyau ka sa wa kanka ma'auni. Ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, American Kennel Club, tana da wata jarrabawa da ta fara a 1989, mai abubuwa goma, ta Kennel Club a Birtaniya kuma tana da irin tata mai hawa-hawa. Ko babu mai yin jarrabawar kusa da kai, jerin na Amurka ya isa abin gwaji: ya bar baƙo ya gaisa da kai ba tare da tsalle ba, ya yarda a shafa shi, a duba kunnuwansa da ƙafafunsa a taje shi, ya yi tafiya igiya a sake, ya ratsa cikin mutane, ya zauna ya kwanta ya tsaya, ya zo in an kira, ya wuce wani kare cikin natsuwa, kada ƙara ko motsin ba-zata ya firgita shi ya fita hayyacinsa, sannan ya zauna da wani amintacce minti uku kai ba ka wurin. Ba a ba da abinci lokacin jarrabawar.

Na ƙarshen nan shi mutane suka fi mantawa da gwadawa. Miƙa igiyar ga wanda karen ya sani, ka ɓace bayan bango sakan biyar, ka dawo ba tare da wani ɗoki ba. Gobe sakan goma, jibi ashirin. In ya soma kuka ko ja, ƙarin ya yi masa sauri ke nan. Koma adadin da ya iya jiya, ka yi kwana biyu a kansa kafin ka matsa.